Gansakuka a Akwatin Kifin Ado Mai Tsirrai: Ire-irenta da Hanyoyin Shawo Kanta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar gansakuka a cikin akwatin gilashi na ruwan daɗi, wanda ake kiwon kifin ado a cikinsa tare da tsirrai masu rai. An nuna cewa kalmar gansakuka a Hausa laima ce da ta rufe halittu daban-daban, waɗanda ba abu ɗaya ke haddasa su ba, don haka ba magani ɗaya ke kawar da su ba. Maƙalar ta ba da shawarar sunaye na siffantawa ga guda shida daga cikinsu, ta yi bayanin alaƙar haske da iskar kabon da taki, sannan ta waiwayi taƙaddamar da aka daɗe ana yi a kan sinadarin fosfet. An kuma dubi abin da zafi da ɗaukewar wutar lantarki suke jawo wa mai irin wannan kiwo a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san gansakuka tun kafin ya san gilashi. Yana ganinta a saman kududdufi idan damina ta ja baya, yana ganinta a bakin rijiya da gindin randa da jikin katangar da ruwa ke yawan zuba. A duk waɗannan wurare hukuncinta ɗaya ne: ƙazanta ce, a kankare ta, ko a kwashe, ko a ƙyale rana ta busar da ita. Wasu kan ce gamsakuka, amma abin da ake nufi bai sauya ba, wato duk wani kore mai santsi da ya fito inda ruwa ya daɗe.

Wannan fahimta ta wadatar da mai randa, amma ba ta wadatar da wanda ya ajiye akwatin kifin ado a falonsa ko a ofis. A cikin akwatin akwai kifaye da tsirrai da aka sayo da tsada, ba a iya kife shi a shanya kamar randa. Abin da aka fi gani shi ne, mai akwatin yakan kwashe kifayen, ya wanke duwatsu da yashi da na'urar tace ruwa fes, ya zuba sabon ruwa, bayan mako biyu kuma koren ya dawo fiye da na da, wani lokaci har da mutuwar kifi. Dalilin da ya sa hakan ke faruwa shi ne abin da wannan maƙala ta sa a gaba.

2.0 Tukunyar Warington

Matsalar ta girmi sunan akwatin kansa. A shekarar 1849 wani masanin haɗa sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya zuba ƙananan kifayen ado guda biyu a cikin wata babbar tukunyar gilashi mai cin kimanin galan 12, ya dasa musu tsiron ruwa mai dogayen ganyaye da ake kira Vallisneria. Manufarsa ita ce ya nuna cewa tsiro zai samar wa kifi iskar shaƙa, kifi kuma ya samar wa tsiro abinci, ba tare da an sauya ruwa ba. Da farko al'amarin ya tafi daidai. Daga baya tsofaffin ganyaye suka fara ruɓewa, ruwan ya gurɓace, kore mai yauƙi ya lulluɓe jikin gilashin. Warington bai wanke tukunyar ba. Ya kawo 'yan dodon-koɗin kududdufi kaɗan ya saka, suka cinye ruɓaɓɓen ganyen da koren, ruwan ya washe. Ya gabatar da sakamakon ga ƙungiyar masana sinadarai ta Landan a 1850, shekara huɗu kafin Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa wannan kiwo a Ingila a 1854.

Abin lura a labarin shi ne inda koren ya samo asali. Ba daga waje aka kawo shi ba, domin ƙwayoyin irinsa suna cikin kowane ruwa da jikin kowane tsiro, har a cikin iska. Abin da ya ba shi dama shi ne tsiron da ya daina girma ya fara ruɓewa. Duk abin da aka gano daga baya bai rushe wannan ba.

3.0 Kalma Ɗaya, Halittu da Yawa

Mai akwati da ya ce gansakuka ta dame shi bai faɗi abin da zai isa a ba shi shawara ba, kamar majinyacin da ya ce wa likita jikinsa ne babu daɗi. Sunayen da ke biye shawara ce ta wannan maƙala, an gina su a kan kamannin da ido ke gani, kamar yadda Hausa ta saba raɗa wa ciyayi da cututtuka suna.

Ta farko ita ce gansakukar ƙura. Launinta ƙasa-ƙasa ne, takan kwanta a kan gilashi da ganye, yatsa kawai ke share ta. Ƙananan halittu ne masu ƙwayar rai ɗaya da ke gina ɓawonsu da silika, sinadarin da ke cikin yashi. Sabon akwati take kamawa, kuma yawanci takan tafi da kanta bayan 'yan makonni. Ta biyu ita ce koren ruwa, inda ruwan gaba ɗaya ke komawa kamar an dama kuka a ciki. Wannan ba ta manne wa komai, yawo take yi a cikin ruwan, ta kuma yi ƙanƙantar da soson tacewa ba ya riƙe ta. Sauya ruwa ba ya maganinta, don abin da ya rage yakan hayayyafa cikin kwanaki. Haske mai yawa ne ke tayar da ita, musamman hasken rana ta taga, idan ya haɗu da amoniya. Ta uku ita ce mai ɗigo, ƙananan ɗige-ɗige kore masu tauri da sai da reza ake kankare su daga gilashi. Ta huɗu ita ce gansakukar zare, wadda ta fi kowace kama da ta kududdufi, dogayen zarurruka da ke sarƙe tsirrai. A ƙarƙashin wannan suna ma akwai dangi da dama, irin su Spirogyra da Cladophora.

Biyun da suka rage su ne suka fi nuna gazawar kalma guda. Baƙin gemu tuntaye ne gajeru, baƙi ko toka-toka, da ke fitowa a gefen ganye da bakin bututun da ruwa ke fita da ƙarfi. Duk da baƙin nata, daga dangin jar gansakuka take, wadda mafi yawan danginta a teku suke. Idan aka tsoma ta a cikin sinadarin alkohol takan koma ja, kuma da haka ake tabbatar da ita. Ba ta cirewa da hannu sai da ganyen, kifaye kaɗan ne kuma ke cin ta. Gogaggun masu kiwo sun fi danganta ta da hawa da saukar iskar kabon da kuma taruwar datti a cikin na'urar tacewa.

Ta shida, gansakukar mayafi, a ilmance ba gansakuka ba ce ma sam. Bakteriya ce mai haɗa abincinta da haske kamar tsiro. Takan shimfiɗu a kan yashi da ganye kamar mayafi mai launin kore da shuɗi-shuɗi, ana ɗaga ta falle guda, tana kuma iya rufe wuri cikin kwana biyu. Tana da wari irin na jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma wannan ba kama ce kawai ba: sinadarin da ke ba ta warin shi ne dai wanda bakteriyar ƙasa ke fitarwa, wanda ake jin ƙamshinsa idan ruwan farko ya sauka. Ta fi son inda ruwa ba ya motsi da kuma akwatin da naitiret ya ƙare a cikinsa. Ba duk danginta ne abin ƙi ba. Matan Kanembu na yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar wata 'yar'uwarta daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su yi miya da ita, suna kiranta dihe. Ita ce ake sayarwa a duniya da sunan Spirulina.

Wanda ya kashe fitila don baƙin gemu, ko ya yi ta sauya ruwa don koren ruwa, ya yi wahalar banza ne saboda ya ɗauki shidan nan abu guda.

4.0 Haske, Iskar Kabon da Taki

Tsiron ruwa da gansakuka abinci ɗaya suke ci: haske, da iskar kabon, da sinadaran taki. Manomi ya san uku daga cikin sinadaran ta hanyar buhun NPK, wato naitirojin da fosfaras da fotashiyam, sai kuma ƙananan sinadarai irin su ƙarfe. Tun a ƙarni na 19 masanan Jamus Carl Sprengel da Justus von Liebig suka bayyana cewa girman tsiro ba ya bin jimlar abincin da ke gabansa, yana bin wanda ya fi ƙaranci ne. Idan abu ɗaya ya yanke, sauran ko sun kai tudu ba su da amfani.

A cikin akwati, abin da ya fi saurin yankewa shi ne iskar kabon. Ruwan da ya daidaita da iskar ɗaki ba ya riƙe abin da ya wuce kimanin rabin miligiram a kowace lita, sannan tafiyar wannan iska a cikin ruwa ta fi tafiyarta a sarari jinkiri da kusan ninki 10,000. Haske kuwa shi ne ke ƙayyade yawan abin da tsiro zai nema. Idan aka ƙara fitila, tsiron yakan buƙaci ƙarin iskar kabon, idan bai samu ba sai ya tsaya, ganyensa ya raunana ya fara zubar da sinadarai a cikin ruwan. Gansakuka kuwa jikinta ƙarami ne, buƙatarta kaɗan ce, abin da ba zai ƙosar da tsiro ba ita ya ishe ta biki. Wannan ne ya sa sabon mai kiwo da ya ga tsirransa sun yi yaushi ya ƙaro fitila yakan ƙara wa Barno dawaki ne kawai.

Hanyoyi biyu aka bi wajen warware wannan. Takashi Amano, ɗan Japan mai ɗaukar hoto wanda ya rayu daga 1954 zuwa 2015, ya yaɗa hanyar ɗura iskar kabon daga tukunyar gas, tare da fitila mai ƙarfi da yawan aski ga tsirrai. Masu bin wannan hanya sukan nemi miligiram 20 zuwa 30 a lita, su buɗe iskar awa ɗaya ko biyu kafin a kunna fitila, su rufe ta da dare, don da dare tsiro ma shaƙar oksijin yake yi kamar kifi. Diana Walstad ta Amurka, a littafinta na 1999 mai suna Ecology of the Planted Aquarium, ta bi ta ɗaya ɓangaren: a shimfiɗa ƙasar lambu a ƙarƙashin tsakuwa, a sassauta haske, a bar ruɓewar ƙasar da abincin kifi su samar da iskar a hankali. Duka biyun suna aiki. Wanda ba ya aiki shi ne a ɗauki fitilar Amano a haɗa da iskar Walstad, kuma abin takaici shi ne wannan haɗin ne akwatuna da yawa ke kai.

4.1 Taƙaddamar Fosfet

A 1973 masanin tafkuna David Schindler ya raba wani tafki da ake kira Tafki na 226, a lardin Ontario na Kanada, gida biyu da labule. Ya zuba kabon da naitirojin a kowane ɓangare, ya ƙara fosfaras a ɓangare ɗaya kawai. Ɓangaren da ya sami fosfaras ya koma kore shar, ɗayan kuma ya tsaya garau. Hoton wannan tafki ya taimaka wajen sa hukumomi su taƙaita fosfet a cikin sabulun wanki. Ba abin mamaki ba ne da masu akwatin kifi suka ɗauki darasin. A 1996 Paul Sears da Kevin Conlin suka rubuta wata takarda da ta yi tasiri, suna ba da shawarar a wadata tsirrai da komai amma a ƙuntata fosfet, don gansakuka ta rasa abin ci.

Bayan 'yan shekaru Tom Barr ya zo da akasin haka. Ya ce a zuba dukkan sinadarai fiye da buƙata, har da fosfet ɗin, sannan a sauya rabin ruwan kowane mako don kada su taru. Masu kiwo da dama sun bi wannan tsari ba tare da akwatunansu sun koma kore ba, har ma aka lura cewa gansakuka mai ɗigo ta fi addabar akwatin da fosfet ya yi ƙaranci a ciki.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, babu wanda ya yi kuskure a kan tafki, kuskuren yana wajen kwatanta tafki da akwati. Sararin tsakiyar tafki babu tsirrai masu yawa da za su yi takara, duk fosfet da ya shiga na gansakuka ne. Akwatin da tsirrai suka cika kuwa wani wuri ne daban, kuma adadin fosfet da zai hana gansakuka rayuwa ya yi ƙasa ƙwarai da wanda tsiro zai iya jurewa, ga shi abincin kifi yana ƙara shi kullum. Wanda ya ce zai kashe ta da yunwa, tsirransa ne za su riga ta mutuwa. Amma wannan hukunci bai shafi akwati mai tsiro biyu ko uku ba. Shi ya fi kusa da tafkin Schindler, zuba masa taki neman fitina ne.

Dole a ja kunne a kan takin gona. Yuriya da yawancin NPK na buhu suna sakin amoniya a cikin ruwa, wadda guba ce ga kifi, ita ce kuma ke tayar da koren ruwa. Takin akwati ana haɗa shi ne da naitiret.

5.0 Matakan Gyara

Yanzu za a gane laifin wanke akwati fes. A cikin soson na'urar tacewa da tsakuwa akwai bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniyar kashin kifi zuwa naitirayit, daga nan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafuwarsu takan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wanda ya wanke komai da ruwan famfo mai sinadarin kulorin ya hallaka su, ya mayar da akwatinsa sabo, amoniya ta taru, gansakuka ta sami abin da take so. A cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse soso, a mayar da shi.

Mataki na farko a kowane hali shi ne rage haske zuwa awa shida ko takwas a rana, a lokaci guda kullum, a kuma janye akwatin daga taga. Sai a cire abin da hannu zai iya cirewa: a naɗe ta zare da tsohon buroshin haƙori, a datse ganyen da baƙin gemu ya kama, a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, a sauya kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan duk mako. A rage abincin kifi zuwa abin da za su cinye cikin minti biyu. Koren ruwa da mayafi su ne duhu ke karyawa: a lulluɓe akwatin da bargo kwana uku ko huɗu ba tare da leƙawa ba, ana hura masa iska. Tsirrai suna da ajiyar abincin da zai kai su, su kuwa ba su da ita.

Sauran aikin na tsirrai ne masu saurin girma, kuma a nan ba sai an je nesa ba. Kainuwa, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah, tana cikin tsirran da masu wannan kiwo ke nema a ƙasashen duniya. Da yake ganyenta a sarari yake, ba ta da matsalar iskar kabon, saiwoyinta suna zuƙe amoniya da naitiret da sauri, inuwarta kuma tana rage hasken da ke sauka ƙasa. Sai dai a riƙa rage ta kada ta rufe saman gaba ɗaya. Bado ma, musamman mai jan ganye, sananne ne a kasuwar tsirran akwati. Anubias barteri kuwa, tsiron dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru, akasin kainuwa ne. An raɗa masa sunan Charles Barter, masanin tsirrai a ayarin William Baikie na kogin Kwara na 1857, Baikie ɗin nan da manazarta tarihin rubutun Hausa suka sani. Ganyensa yana jinkirin fitowa yana kuma daɗewa, don haka mai ɗigo da baƙin gemu suke samun lokacin kafuwa a kansa. Wurinsa inuwa.

Dabbobin da ke cin gansakuka mataimaka ne kawai. Jatan landen da ake kira da sunan Amano yana cin ta zare, ƙaramin kifin Otocinclus na Kudancin Amurka yana share ta ƙura, amma babu mai taɓa mayafi. Kifin nan mai manne wa gilashi da ake sayarwa yana ɗan yatsa yakan wuce santimita 30 idan ya girma, ya tumɓuke tsirrai, kashinsa kuma ya fi abin da yake sharewa. Magungunan kashe gansakuka su ne mataki na ƙarshe. Masu ɗauke da tagulla suna kashe jatan lande da dodon-koɗi, wasu kuma suna narkar da Vallisneria, sannan gawar gansakukar da suka kashe ita ce takin wadda za ta biyo baya.

6.0 Akwati a Ƙasar Zafi

Kusan duk shawarwarin da ke sama an tsara su ne a ƙasashen da ake ɗumama ruwan akwati, inda wuta ba ta yankewa. Yawancin tsirran akwati sun fi walwala tsakanin digiri 22 da 28 a ma'aunin Salshiyas. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafin bazara yakan haura digiri 40, ruwan ɗaki kuma ya wuce 30. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: oksijin da ke kai kimanin miligiram 8.3 a lita a digiri 25 yakan sauko zuwa wajen 7.6 a digiri 30, alhali buƙatar kifi da bakteriya ƙaruwa take yi. Saboda haka daga Maris zuwa Mayu ya kamata a rage haske da abinci, a buɗe murfi, a sa ƙaramar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan.

Ɗaukewar wuta ta fi zafin illa. Fitilar da ke kamawa yau awa uku gobe awa goma sha biyu tana rikita tsiro, kuma tukunyar gas da aka bari a buɗe bayan fitila ta mutu tana iya shaƙe kifi. Haɗin yisti da sukari da wasu ke yi a gora don samar da iskar kabon da araha ya fi tashi da tsakar rana ya lafa da asuba, wato hawa da saukar nan da baƙin gemu ke so. Rufaffiyar na'urar tacewa kuma idan ta tsaya na awoyi, oksijin ɗin cikinta yakan ƙare, in wuta ta dawo ta amayo gurɓataccen ruwa a cikin akwatin. A irin wannan hali hanyar Walstad ta fi dacewa, tare da ƙaramar fitila da famfon iska masu aiki da batir ko sola.

Akwai kuma hatsarin da Warington bai fuskanta ba a Landan. Wanda zai kwaikwaye shi ya ɗebo dodon-koɗi daga kududdufi ko madatsar ruwa a Arewa ya sani cewa wasu ƙananan dodon-koɗin waɗannan ruwaye, dangin Bulinus, su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga jikin mutum ta fata idan ya tsoma hannu. Ƙwansu kuma yakan maƙale a saiwar kainuwa da ƙarƙashin ganyen bado. Duk tsiron da aka ɗebo daga daji sai a sa safar roba a wanke shi, a keɓe shi a bokiti na wasu makonni ana tsince duk abin da ya ƙyanƙyashe, kafin a kai shi cikin akwati.